Ciwon hanta nau'in C na warkewa, a daina tsorata mutane

Malam edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni fili in yi magana kan ciwon hanta, saboda nan Damagaram da likita ya ce ma mutum epatit C gare ka, shi ke nan sai dangi su fara zancen allurar nan mai wahalarwa, wasu ma su ce gara a nufi masu jiƙe-jiƙen shawara da ke yawo da lasifika bakin kasuwar Dole.

Tsoron nasu yana da tushe. Maganin da can allura ce interferon duk sati, a haɗa da ƙwayar ribavirin, wata 6 har kusan shekara, ga zazzaɓi ga kasala ga jini na raguwa, mutum ya rame sai ido, kuma bayan duk wannan azaba kusan rabi ne kawai ke rabuwa da cutar a wasu nau'o'inta. Amma ai tun 2013 da sofosbuvir ya fito labari ya canza. Yanzu ƙwaya ce a sha kullum, sofosbuvir da daclatasvir ko sofosbuvir da velpatasvir na sati 12, akwai ma glecaprevir da pibrentasvir na sati 8, kuma sama da kashi 95 cikin 100 na warkewa sarai. Ni dai a ganina sofosbuvir da daclatasvir ɗin ne daidai da aljihun talaka, tunda Indiya da Masar na yin shi da araha. Farkon fitowar sofosbuvir a Amurka dala 84,000 ake biya, wa ya isa? Masar kuwa da ta tashi tsaye a 2018 miliyoyin mutane ta auna ta ba masu cutar magani kyauta.

Inda ake ruɗewa, ciwon hanta nau'in B daban, C daban. B na da rigakafi, C babu, kuma tenofovir da masu B ke sha danne cutar yake, ba ya taɓa C, kar wani ya ari na maƙwabci. Sannan gwajin farko na C, mai nuna ko an taɓa kamuwa, bai isa ba, sai an yi na ƙwayar cutar cikin jini, a sake shi sati 12 bayan gama magani. Mai shan maganin tarin fuka rifampisin ya faɗa ma likita, ba sa jituwa.

Roƙona ga ma'aikatar lafiya, a sauƙaƙa kuɗin gwajin nan, a kawo ƙwayoyin farmasin jiha, a kuma ja kunnen wanzamai da masu yankan farce kan aska guda ga mutum goma, tunda ta jini cutar ke yaɗuwa.

Naku,
mai karatu daga unguwar Birni, Zinder