Yaro ya faɗa mana damuwarsa, ta yaya za mu kai maganar gaban mahaifinsa?

Assalamu alaikum Malama,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki na gidan rediyo. Mu uku ne muka haɗa wannan takarda daga Marwa, a arewacin Kamaru: ma'aikatan jinya biyu da malami ɗaya mai ba ɗalibai shawara a lise, wato makarantar sakandare. Aikinmu na haɗa mu da yara 'yan shekara 13 zuwa 19, kuma akwai inda kullum muke cijewa. Shi muka kawo miki, don magidanta na sauraron shirinki, suna kuma ɗaukar maganarki da nauyi.

Gano yaron da ke cikin damuwa ba ya ba mu wuya sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Abin da muke dubawa shi ne a yi mako biyu ko fiye yaro ba walwala, ya bar ƙwallo ko hirar da ya saba, barci ya lalace, cin abinci ya ragu, maki ya faɗi. Namiji ya fi nuna damuwar ta hanyar fushi da saurin hannu, gida kuwa sai a ce rashin kunya ce. Mace takan zo da ciwon kai, ciwon ciki da bugun zuciya, a gwada zazzaɓin sauro da taifot ba a ga komai ba. Mun fi ganin haka idan zafi ya tsananta, jarrabawar BEPC da Probatoire da Bac sun matso. Yaran da iyayensu suka taso daga wajen Mora da Kolofata saboda rikicin Boko Haram tun 2014 kuma nasu daban ne: firgita cikin barci, da razana idan ƙofa ta bugu.

Tiramol ne ya fi cin mana lokaci. Na asibiti miligiram 50 ne ƙwaya ɗaya, babba ma ba a yarda ya wuce 400 a yini ba. Na masu sayarwa a kan tebur akwai mai 225, biyu kawai sun tsallake iyaka. Yaro kan fara da rabi don ya raba dare yana karatu, ko don ya jure aikin gona da haya da babur, kafin a ankara rabin ba ya masa komai. Za a gan shi yana gyangyaɗi a aji, ƙwayar idonsa ta tsuke, yana susa, bayan gida ya yi masa wuya. Idan ta yi yawa sai ya faɗi yana jijjiga, jama'a su taru a kansa, wani na cusa masa cokali a baki, wani na kwara masa ruwa, ana cewa iskoki ne. Abin yi shi ne a kwantar da shi a gefensa, a janye duk abin da zai ji masa ciwo, kada a sa masa komai a baki, a duba agogo. Jijjiga ta kai minti 5, ko numfashi ya yi ƙasa, asibiti nan take. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kulle shi a ɗaki don ya daina rana ɗaya. Jikin da ya saba ba ya yarda: zufa, ciwon gaɓoɓi, gudawa, rashin barci da fargaba za su kama shi, ya ɓalle ya koma ya sha fiye da da. A hankali ake ragewa, cikin makonni, a hannun likita.

Duk yaron da muka ga alamar damuwa a tare da shi, muna tambayarsa kai tsaye: "Ka taɓa jin gara ka mutu ka huta?" Tambayar ba ta sa wa yaro tunanin da babu shi. Idan ya ce e, sai mu ji ko ya tsara yadda zai yi, kuma ko abin yana kusa da hannunsa. A ƙasar auduga irin tamu, maganin ƙwari ne ya fi ba mu tsoro, don yana nan a zaure ko bayan rumbu. Dole a kulle maganin, a kwashe ƙwayoyin gidan, kada a bar yaron shi kaɗai. Idan har ya sha, ba a sa shi amai, ba a ba shi madara ko manja, a ɗauko kwalbar a tafi da ita asibiti.

To, Malama, duk wannan ba ya yiwuwa sai da mai gida. Makullin a hannunsa yake, kuɗin magani a aljihunsa. Yaro kuwa ba ya buɗe baki sai mun yi masa alkawarin rufin asiri, mu kuma tun farko muna gaya masa cewa idan ransa na cikin haɗari dole babba ya sani. Uwa takan gane da wuri, amma tana tsoron a ce ita ta lalata shi. Idan magana ta kai ga uba, sau da yawa dorina ce amsar farko, ko a cire yaron daga makaranta. Yarinya kuwa a ce aure ne maganinta. Wani uban ba mugunta ba ce, tsoro ne: kada unguwa ta ji an kai ɗansa wurin likitan ƙwaƙwalwa a ce gidan akwai hauka, ƙannensa mata su rasa manema. Wannan tsoron muna girmama shi, amma yaron da aka daka bayan ya faɗi gaskiya ba ya sake dawowa wurinmu, abokansa ma da suka ji ba sa zuwa.

Wa ya kamata ya fara shiga wurin uban, mu ko kawu, ko limamin unguwa? Idan mun sa liman, ba mu tona asirin da muka ce za mu rufe ba? Mu ba ma hana ruƙiya da addu'a, muna roƙo ne a haɗa su da asibiti, to da wane lafazi za a faɗa wa dattijo haka ba tare da ya ji an raina imaninsa ba? Wanda ya fi damunmu shi ne na 'yan mata: idan uba ya ce ya ji, ya gode, kuma zai aurar da ita bayan salla, me ya rage mana mu yi?

Muna roƙon ki amsa a shirin dare, lokacin da maza suke gida. Allah Ya ƙara basira, Ya saka da alheri.

Naki,
Ma'aikatan jinya biyu da malami ɗaya, Marwa