Godiya ga masu wanki da gyaran rumfunan taro

Zuwa ga shugaba da ɗaukacin ma'aikata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, kwamitin kula da kayan ƙungiyarmu ne ya ɗora mini nauyin rubuto muku wannan wasiƙa. Mun zaɓi mu yi ta a fili maimakon mu tsaya kan "an gode" ta waya, domin yabon gwani ya zama dole, kuma akwai masu rumfa da yawa da za su amfana da jin yadda kuke aiki.

Rumfar da muka kawo muku ita ce babbar, mai faɗin mita 6 da tsawon mita 12, farin tamfol, da labulen gefe masu tagogin roba da ake ganin waje ta cikinsu. 'Yan ƙungiya ke ara in suna da taro. A aron ƙarshe ruwa ya sauka ana cikin watsewa, aka naɗe ta da jiƙonta, aka turo ta sito, ba wanda ya ce uffan. Sai da wani aron ya taso aka kwance ta. Warin ne ya fara tarbar mu, sannan baƙaƙen ɗigo-ɗigo na fumfuna daga wannan kusurwa zuwa waccan, ga zanen tsatsa inda ƙarafa suka kwanta a kan tamfol, taga ɗaya ta yi fari fat, kusurwa ɗaya kuma ta yage. A zaman kwamiti wasu suka ce a yar a sayi sabuwa, wasu suka ce a zuba mata bilic a goge da fetur. Cikin wannan ja-in-ja ne aka ambace ku.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba ku yi maganar kuɗi ba sai da kuka ga kayan da idonku. Kuka shimfiɗa wani tsohon tamfol mai tsabta a ƙasa, sannan kuka baje namu a kai. Yara huɗu suka ɗaga shi sama, Baba mai kula da ɗinki ya shiga ƙarƙashi yana kallon inda haske ke ɓullowa, yana zagaye kowane ɗan rami da alli. Ramukan nan ƙanana ne kamar hudar allura, kuma ya ce yawancinsu daga jan tamfol a kan tsakuwa suke fitowa, ba daga tsufa ba. Daga nan ya kira ni kusa, ya kama bakin yagewar ya nuna mini cikinsa: saƙar zaren poliyesta ce a tsakiya, an lulluɓe ta da robar PVC sama da ƙasa. Robar ba ta shan ruwa, amma zaren yana sha. Fumfunar da ke saman roba datti take ci, ita wannan za ta fita da wanki. Wadda ta bi ramin ɗinki ko yanka ta shiga cikin zaren kuwa, ta zauna ke nan, sai dai a kashe ta a bar inuwarta. Da yatsa ya riƙa nuna mini, "Wannan zai fita, wannan zai ragu, wannan kuma, Malam, kada in yi maka ƙarya, ba zai fita ba." Da aka gama aikin, yadda ya faɗa haka aka samu. A ganina wannan magana ta fi wankin kansa daraja, don da ita na koma wa kwamiti, kowa ya san abin da zai gani tun kafin ya gani.

Na tsaya na kalli wankin, kuma ban ga wani sirri a ciki ba illa haƙuri. An fara share busasshiyar ƙura da tsintsiya mai laushi, don in aka zuba ruwa a kan yashi aka goga, yashin ne ke karce robar. Sai ruwa mai ɗan ɗumi, da sabulun ruwa marar kaifi, da buroshi mai laushi a kan doguwar sanda. Ana wanke yanki ɗaya, a ɗauraye shi nan take kafin sabulu ya bushe, sannan a matsa gaba. Ɗaurayar ta fi wankin cin ruwa, kuma da na yi magana sai wata 'yar budurwa cikin ma'aikatanku ta ce sabulun da ya rage a jiki shi ke kama ƙura, ƙurar kuma ita ce abincin fumfuna ta gaba. Duk wanda zai taka tamfol sai ya cire takalmi. Injin feshin ruwa mai ƙarfi yana nan a gefe, amma ban ga an kunna shi ba. Kun ce yana ɗaye rufin saman roba, yana kuma cusa ruwa cikin ɗinki.

Masu shawarar fetur da ke cikinmu sun sha bayani. Fetur da tina (ruwan da ake tsarka fenti da shi) suna janye sinadarin da ke sa PVC taushi, tamfol ya yi kyau yau, bayan ɗan lokaci ya ƙandare ya fara tsagewa a wuraren naɗi. Bilic ma kun yi amfani da shi ne kaɗan, tsarke da ruwa mai yawa, a kan ɗigon da ya yi taurin kai kawai, nesa da ɗinki domin yana cin zare, kuma aka ɗauraye shi da wuri. Gargaɗin da kuka ƙara, cewa kada a taɓa haɗa bilic da binega ko da wani maganin wanki mai amoniya saboda iskar guba da ke tashi, na maimaita shi har a gidana. Akwai jan tabo guda da ya gagara, na takardar ado mai launi da aka rataya ruwa ya jiƙa ta. Rinin ya shige cikin robar. Kun gwada, kun bari, kun faɗa mana. Yanzu dai mun hana rataya irin wannan takarda da manna salatif a jikin rumfa.

Inda nake so in daɗe shi ne shanya, domin a nan ne muka ɗan yi taƙaddama, kuma ku ne da gaskiya. Wanda zai ari rumfar yana ta kira, ni kuma na zo na tarar da ita a rataye, fes, na shafa na ji a bushe. Na ce a naɗe. Shugaban ma'aikata ya ce a'a. Ya ɗauko farin ƙyalle ya danna shi a kan kalmasar bakin tamfol, inda aka ninka biyu aka ɗinke, ya ɗaga ya nuna mini: ga danshi nan ya fito. Ya sake dannawa a kan ɗamarar da ake ɗaure ƙarfe da ita, da cikin aljihun da sanda ke shiga, duk haka. Filin tamfol yana bushewa da wuri, amma waɗannan wurare suna riƙe ruwa tamkar soso, kuma a cikin naɗi, inda babu iska, kwana ɗaya zuwa biyu sun isa fumfuna ta fara. Ya ce, "Ranka ya daɗe, in na naɗe maka yau, kai za ka dawo mini da ita, kuma za ka ce mu ne ba mu iya wanki ba." Da wani mai sana'ar ne, da ya miƙa mini kayana ya karɓi kuɗinsa, ya san kuwa zan dawo da sabon aiki. Ku kuka zaɓi ɓacin raina na yini guda. Har kuka ara wa mai taron wata rumfa daga cikin naku don kada ya shiga kunya, abin da ba ya cikin cinikinmu.

Gyaran ma an yi shi da hankali. Facin kusurwa an yanke shi da zagayayyun gefuna don kada ya samu bakin da zai fara ɗagowa, ya zarce yagewar da kamar santimita 5 ta kowane ɓangare, aka narka shi a jiki da na'urar iska mai zafi, ciki da waje. An canza zobban da igiya ke bi waɗanda suka kwakkwance, da igiyoyin roba da rana ta cinye. Zif ɗin ƙofa an wanke yashin da ke haƙoransa aka fesa masa silikon mai sa santsi, ba baƙin mai ba, don mai yana tara ƙasa. Tagar da ta yi fari ta washe bayan ta sha iska, ashe danshi ne ya shige ta. Ƙarafa an kankare tsatsarsu an shafa fenti, guda ɗaya da ta lanƙwashe kuka ce a canza ta kawai, ƙarfen da aka miƙe bayan ya lanƙwashe ba ya koma ƙarfinsa na da.

Ba ku tsaya nan ba. Ranar da aka dawo da ita kun turo mutum biyu suka kafa ta tare da samarinmu, kuma abin da suka koya a wannan yammaci ya fi abin da suka tsinta a shekaru. Sun ga yadda ake ɗame rufi har ya zama babu wurin da ya lotsa, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, in ruwa ya taru zurfin santimita 10 a faɗin murabba'in mita ɗaya, kilo 100 ke nan a kan tamfol da ƙarfe ɗaya ko biyu. Sun ji cewa in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take tura rumfa da shi ninki huɗu yake yi, saboda haka kowace ƙafa da turkenta, a buga shi har ya kusa nutsewa, a sake dubawa bayan ruwa don jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ta riƙo. In iska ta yi tsanani, a fitar da mutane, ba a fakewa a rumfa. Janareta da duk wata wuta su yi nesa, saboda gobara, da baƙin hayaƙi da ke manne wa rufi, da kuma iskar kabon monoksaid da ba a ji ba a gani. Kada a kafa ƙarƙashin bishiya in da hali, kashin tsuntsu da ƙaro suna barin tabo in suka daɗe. Kada kuma a sauke da sassafe raɓa na jiki, a jira rana ta ɗaga.

Ajiya yanzu ta canza a sitonmu. Tamfol a jakarsa, ƙarafa da turaku a tasu, ba su haɗuwa. Labulen tagogi naɗin tabarma muke yi musu, ba ninki ba, don kada robar ta karye. Komai yana kan katako, bai taɓa ƙasa ko bango ba, an kuma toshe ramin da ɓeraye ke bi. Duk wanda ya ara, sai an baje a gabansa kafin a karɓa, in da danshi a shanya a ranar.

Roƙo biyu gare mu. Na farko, ku sa wani ya riƙa zama kusa da wayar ofis. In duk kuna filin wanki, kira yakan yi ta shiga babu mai ɗauka, kuma wanda bai san ku ba zai ɗauka wulaƙanci ne. Na biyu, wannan bayani da kuke yi da baki, ku buga shi a takarda ɗaya ku riƙa saka wa a jakar kowace rumfa, domin mai kafawa sau da yawa ba shi ne wanda ya zo wurinku ba.

A miƙa gaisuwarmu ta musamman ga Baba mai ɗinki, da shugaban ma'aikata, da yaran da suka sha rana a kan kayanmu. Ƙaramar rumfar ma tana nan tafe da zarar ta dawo daga aro. Allah ya yi wa sana'a albarka, ya ƙara kasuwa, ya saka muku da alheri.

Naku,
Sakataren kwamitin kula da kaya, a madadin sauran 'yan kwamiti.