Sanarwa ga masu fara koyon fiyano

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ga abin da muke so kowa ya riƙe kafin darasi na gaba.

Cikakken fiyano yana da maɓallai 88, farare 52, baƙaƙe 36. Baƙaƙen a jere suke biyu-biyu da uku-uku. Farin da ke hagu da kowane biyu shi ne C. Ku nemo na tsakiya, ku ɗora babban yatsan dama a kai. Shi ne lamba 1, ƙaramin yatsa 5.

Daga C zuwa C na gaba, hannun dama 1-2-3, 1-2-3-4-5 ne. Matsalar tana wurin F, farin maɓalli na huɗu idan an fara ƙirga daga C. Babban yatsa zai zurara ta ƙarƙashin tafi ya same shi, amma da yawa sai su wurga gwiwar hannu waje, sautin ya yanke. Ku fara tura yatsan tun kuna kan D, farin da ke bin C. Wuyan hannu kada ya faɗi, yatsu a lanƙwashe, farce a yanke.

Don Allah a bar fedar dama, wadda ake takawa don tsawaita sauti, tukuna, ɓoye kuskure take yi.

Minti 20 kullum ya fi awa 3 ranar guda. Hannu ɗaya-ɗaya, metronom (na'urar da ke ƙirga bugun kiɗa) a bugu 60 a minti, sai ya zauna sannan a haɗa.