Jirgin Hunley: a je a gani, amma a ji labarin gaba ɗaya

Assalamu alaikum Malam Edita. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in ba masu karatu labarin wani gidan tarihi da na ziyarta a North Charleston, jihar Karolina ta Kudu a Amurka. A nan aka ajiye H. L. Hunley, jirgin yaƙi mai tafiya a ƙarƙashin teku, wanda shi ne irinsa na farko a duniya da ya taɓa nutsar da jirgin abokan gaba, a lokacin yaƙin basasar Amurka.

Wurin sunansa Warren Lasch Conservation Center, kuma ya fi kama da ɗakin gwaji fiye da gidan kallo. Daga sama ake leƙa jirgin, yana kwance cikin wani ƙaton tanki. Ya shekara 136 a ƙarƙashin teku kafin a ciro shi ranar 8 ga Agusta, 2000, gishiri ya ratsa ƙarfen. Da za a bar shi ya sha iska, tsatsa ce za ta cinye shi. Shi ya sa aka jiƙa shi cikin ruwan soda, irin wadda ake haɗa sabulu da ita, tana zuƙe gishirin sannu a hankali. Dasƙararren yashi da kwanson halittun ruwa da suka lulluɓe jikinsa kuwa, da hannu aka yi ta ɓamɓarewa da ƙananan kayan aiki, shekara da shekaru. Wannan haƙuri ya burge ni ƙwarai.

Ƙanƙantarsa ce ta tayar mini da hankali. Tsawonsa kusan mita 12 ne, cikinsa kuwa mutum ba ya iya miƙewa tsaye, sai dai ya zauna a takure. Babu inji. Mutum bakwai ne ke jere a kan benci suna murza wani dogon ƙarfe da hannu domin farfela ta juya, na takwas yana gaba yana tuƙi. Kafin ya je yaƙi ma sau biyu yana nutsewa a 1863: karon farko mutum biyar suka mutu, karo na biyu takwas, har da Horace Hunley wanda jirgin ke ɗauke da sunansa. Duk da haka aka sake tsamo shi, aka kuma samu waɗanda suka yarda suka shiga. A daren 17 ga Fabrairu, 1864 suka kai wa jirgin Housatonic hari da albarushi da aka ɗaura a bakin wata doguwar sandar ƙarfe. Cikin 'yan mintuna Housatonic ya nutse, shi ma Hunley bai dawo ba. Da aka buɗe shi bayan an ciro, an tarar da ƙasusuwan mutanen kowa a mazauninsa. A jikin na kwamandansu, George Dixon, an samu wani tsabar zinare na dala 20 a lanƙwashe, an zana sunan fagen daga na Shiloh da shekarar 1862 a jikinsa, inda aka taɓa harbin Dixon. A 2004 aka binne su takwas ɗin a maƙabartar Magnolia.

Ba na musun jarumtarsu. Sai dai, Malam Edita, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tambayar da ta riƙa ci mini rai ina tsaye a bakin tankin: don kare me suka shiga wannan akwatin ƙarfe? Hunley na sojojin Kudu ne, waɗanda suka ɓalle daga Amurka domin bautar da baƙar fata ta ɗore. Karolina ta Kudu ce jihar farko da ta ɓalle, a Disamba 1860, kuma takardar da ta bayyana dalilanta ba ta ɓoye maganar bayi ba. Housatonic yana cikin jiragen gwamnatin tarayya da suka yi wa tashar Charleston ƙawanya. Mutum biyar suka mutu a cikinsa a daren, su ma 'ya'yan wasu ne. Mai gadin da ya fara hango wani abu yana tahowa a kan ruwa baƙar fata ne, Robert Flemming. Ya sanar da hafsan da ke kusa, aka ce masa ai gungumen itace ne. Ya tsira da ransa, har ya ba da shaida a gaban kwamitin binciken sojan ruwa. Sunansa ya cancanci a riƙe shi kamar yadda aka riƙe na Dixon.

Tashar Charleston dai ita ce masana tarihi ke ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na 'yan Afirka da aka kai Arewacin Amurka a matsayin bayi ta nan aka sauke su. A Gadsden's Wharf, ɗaya daga wuraren saukar, an buɗe gidan tarihin baƙar fatan Amurka a 2023. Shawarata ga duk wanda Allah ya kai shi garin, ɗalibi ne ko ɗan kasuwa, ya haɗa wuraren biyu a ziyara ɗaya, ya fara da bakin tashar kafin ya je ga jirgin.

Ku kuma ina roƙon ku ware wa tarihin duniya shafi ko da sau ɗaya a wata, a fara da yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, domin yaranmu da yawa ba su san baƙaƙen fata kusan 180,000 sun yi aikin soja a rundunar ƙasa ta tarayya a wannan yaƙi ba. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Wassalam,
Wani mai karatunku na kullum