Masu shirin haihuwa a gida da addu'a, dan Allah a ji ta bakina

Edita, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan'uwana Kirista na ƙasar Zuru da kewaye, ko da yake nasan maƙwabtanmu Musulmi ma in sun karanta zasu ga nasu a ciki, don naƙuda ba ruwanta da addinin mace.

Maganar haihuwa a gida ce. Tun farko bari in faɗa, ni bana cikin masu zagin wadda ta haihu a ɗakinta, yawancinmu a ɗaki aka haife mu kuma gamu da rai. Na yi aikin lafiya a ƙauyuka kafin in aje, yanzu ina cikin zumuntar mata a ikilisiyarmu, to abinda nake gani a 'yan shekarun nan shi ya hana ni yin shiru. Wani yayi ne ya shigo, sai kaga yarinya da cikin fari ta tashi a sujada tace ita ba awo ba asibiti, ta riga ta gama magana da Ubangiji zata haihu kamar matan Ibraniyawa, majami'a ta ɗauka da amin, a tafa mata a wuce. Wadda kuma aka yi wa aiki aka ciro ɗan, ranar godiya sai ta riƙa sunkuyar da kai kaman ta yi wani abin kunya, har da masu gulma wai bangaskiyarta ce ta gaza.

To mu buɗe wurin mu gani mana. Littafin Fitowa sura 1 ne, a Littafi Mai Tsarki. Fir'auna ya ba ungozoma biyu, Shifra da Fu'a, umarni su kashe duk ɗa namiji da matan Ibraniyawa suka haifa, suka ƙi don suna tsoron Allah, da ya tsare su da tambaya sai suka ce masa ai matan Ibraniyawa ƙarfi gare su, kafin ungozoma ta iso sun haihu. Amsa ce aka ba azzalumin sarki don a ceci jarirai, ba alkawari Allah ya yi wa kowace mace ba. Kuma dai labarin da kansa ya nuna matan nan suna da ungozoma har an san sunansu, kuma su ɗin ne aka rubuta Allah ya yi wa alheri. Rahila fa? Matar da Yakubu yafi so, uwar Yusufu, a Farawa 35 naƙuda ta yi mata tsanani a hanya, ungozoma na gefenta tana bata ƙarfin gwiwa, ta haifi Biliyaminu ta rasu. Wa zai tsaya yace Rahila bata san Allah ba? Ni wurin da nake so mu riƙe shine Nehemiya 4, da magabta suka taso, Nehemiya da mutanensa suka yi addu'a kuma suka sa masu gadi dare da rana, duka biyun a aya ɗaya.

Gaskiyar da bamu son faɗa a gaban mutane itace, da yawa ba bangaskiya ce ta zaunar da su a gida ba. Kuɗi ne babu. Ko kuma hanya, wanda yake can wajen Wasagu ko Bena ko ƙauyukan Sakaba ya san fita ƙarfe biyun dare yanzu ba wasa bane saboda 'yan bindiga, ko mai mashin ɗin da kuka saba zai ce a bari gari ya waye. Wata kuma tsawar da aka taɓa yi mata a ɗakin haihuwa ce bata manta ba, kuma wannan laifinmu ne ma'aikata ba zan kare kowa ba. Amma da yake talauci da tsoro ba daɗin faɗa, sai a ce ai mun dogara ga Ubangiji. Da za a faɗi ainihin matsalar da ikilisiya ta san ta inda zata taimaka.

Kuma abin ba ƙarami bane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2020 mata kusan 82,000 suka mutu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya gaba ɗaya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 kuma ya nuna haihuwa 39 cikin 100 ne kawai ake yi a asibiti, Kebbi tana can cikin na ƙarshe. Wato haihuwar gida ita ce yau da kullum a wurinmu ko muna so ko bamu so, shiyasa nake cewa tunda za a yi, a yi ta da shiri.

Shirin kuwa daga awo yake farawa, ko da kin ƙudurta a gida zaki haihu. Tun 2016 shawarar da ake bayarwa itace mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8, in bai samu ba ko 4 a daure. A can za a auna hawan jini, a duba ko jininki ya yi ƙasa, a baki maganin ƙarin jini da allurar tetanos da maganin zazzaɓin cizon sauro, a taɓa a ji yadda ɗan ya kwanta. A wurin ne kuma za a gaya miki ko ke ta gida ce ko ba ta gida ba, don akwai matan da ni ko kusa ba zan yarda su gwada ba. Wadda aka taɓa yi wa aiki, mai tagwaye, wadda ɗan ya zo a gicciye ko a zaune, mai hawan jini da ya kai 140 bisa 90, yarinya ƙarama mai cikin fari, wadda ta taɓa zubar da jini sosai a haihuwar baya, da wadda ta haihu biyar ko fiye. Wannan ta ƙarshen ita tafi gardama, zata ce miki ai ni na saba, alhali mahaifar da ta sha haihuwa ita ce bata saurin tsukewa bayan ɗa ya fito. Irin waɗannan in wata tara ya kama gara su tattara su koma gidan dangi a Zuru ko Ribah ko Mahuta ko Dirin Daji, inda asibiti yake kusa, su jira a can suna addu'arsu.

Wadda aka ce lafiya lau kuma, ta san wa zai karɓi haihuwar tun ciki na wata bakwai, kuma ya zama wadda ta koyi aikin, ba wai duk tsohuwar da ta fi kusa ba. Kar ki rufe ƙofa ke kaɗai wai jarumta. A jaka ɗaya a haɗa sabulu, sabuwar reza da ba a buɗe ba, zare mai tsabta, safar hannu, leda ta shimfiɗawa, zannuwa wankakku an shanya a rana, audugar mata, tocila mai batir, da man cibiya da ake kira kilohekzidin. Cibiya wannan man kawai take so, ba toka ba man goge baki ba gashi da tsumma mai datti, kuma ko man da fasto ya yi wa addu'a ne a shafa wa uwar a goshi, a bar cibiyar yaro. Sai ƙwayar misofrostol ta tsayar da jini, a karɓo ta hannun ma'aikaciyar lafiya ta yi bayani, guda 3 ake sha bayan jariri ya fito kuma an tabbata babu na biyu a ciki. Bayan fa nace. Shan ta kafin ɗa ya fito, ko kiran mai kemis ya zo ya yi allurar naƙuda a ɗaki don abu ya yi sauri, yana iya fasa mahaifa, kuma mahaifa in ta fashe a ƙauye sai dai ikon Allah.

Jini shine abinda nafi tsoro, shi yafi kashe mata a haihuwa, kuma cikin awa 2 yana iya gamawa da mace mai ƙarfi. Rabin lita ya isa a ce jini ya yi yawa, rabin lita kuwa ledar fiya wata ɗaya ce. In zani ya jiƙe an canja wani ya jiƙe, ko ta fara cewa jiri take ji, ido na rufewa, jiki ya yi sanyi, a murza mata mara da ƙarfi, a sa jariri a nono, a ɗauke ta a tafi asibiti. Haka in mabiyiya ta wuce minti 30 bata faɗo ba, kar a ja cibiya kar a tura mata muciya a baki. In naƙuda ta wuce awa 12, wato rana ta fito ta faɗi ana abu ɗaya, a tafi, doguwar naƙuda ce ke kawo yoyon fitsari, duk wanda ya taɓa leƙa cibiyar masu yoyon fitsari ta Gesse a Birnin Kebbi ya ga abinda nake nufi. Hannu ko cibiya ya riga kai fitowa, faya ta fashe an wuni ba naƙuda, zazzaɓi mai zafi, duk na tafiya ne.

Sai jijjiga, a nan ne mu Kirista muka fi yin kuskure. Mace ta kumbura fuska da hannu, kai na sara, tana ganin hazo hazo, can sai ta faɗi tana fizge-fizge da kumfa a baki, nan take sai a ce aljani ne ko mayu ko maƙiya daga gidan uban miji, a kewaye ta ana tsawatawa da sunan Yesu har awa uku. Sunan Yesu yana da iko ban musa ba, amma wannan hawan jini ne na ciki, akwai allurarsa a asibiti kuma tana aiki. A kwantar da ita ta gefen hagu, kar a cusa mata cokali ko ruwan addu'a a baki don zata shaƙe, masu tsawatawa su shiga motar su ci gaba a hanya, ai Ubangiji yana ji a kan titi.

Maigida, kai ma ga naka. Ka sayar da buhun dawa ko akuya tun da wuri ka ɓoye kuɗin, kar ka taɓa ko na taki ne ya taso. Ka yi magana da mai mota ɗaya da mai mashin biyu, ka aje lambarsu a wayar da take da caji da kati, ka zuba mai a galan ka aje. Abu mafi muhimmanci kuma ka faɗa a gaban mahaifiyarka da ƙannenka cewa in abu ya taso baka nan ka yarda a tafi da ita, don na sha ganin mace na zubar da jini mutane cike da tsakar gida ana cewa a jira maigida ya dawo daga kasuwa, ko a jira baba fasto ya iso ya ɗora hannu tukun.

Iyayenmu fastoci da dattawa, da girmamawa nake magana. Muna tara baiko na gini, na kayan kiɗa, na anko ranar taron zumunta kam ba a magana, me zai hana a ware asusu ɗan ƙarami na masu ciki wanda mama matar fasto da ma'ajin zumunta zasu riƙe, a ranta wa wanda dare ya kama a biya bayan girbi? Matasa kuma a kai su a gwada rukunin jininsu a rubuta a littafi, ranar da aka ce ana neman jini leda biyu ba sai an bi gida gida ana roƙo ba. Motar coci in akwai, a sanar daga bagade cewa mai naƙuda tana gaba da kowane taro. Kuma dan Allah in ana ba da shaida a riƙa ba wadda aka yi wa aiki fili ita ma ta yi rawarta, Luka da ya rubuta bishara ai likita ne.

Addu'ar kanta ni ina so a yi ta sosai, ba rage ta nake nema ba. Mata biyu ko uku da mai cikin ta yarda da su sun isa, ba a cika ɗaki da mutum goma ana ihu har ungozoma bata jin abinda ake faɗa ba, sauran su zauna a waje ko a majami'a. A karanta mata Zabura 121 ko 139 a hankali, a yi mata waƙar da take so, tsoro yana raguwa jiki ya saki, wannan na gani da idona. Amma kar a sa mai ciki azumi, masu son yi su yi a madadinta, ita ta ci ta sha ruwa ko kunu don ƙarfin nishi. A roƙa wa ungozoma hikima ta gane lokacin da abu yafi ƙarfinta, a roƙa wa direba da hanya. Jariri in ya fito a goge shi a ɗora a ƙirjin uwa a rufe su, wanka ya jira sai gobe, a bashi dakashi cikin awa ɗaya kar a matse a zubar, in kuma bai yi kuka ba a goga bayansa da zani da sauri, ba a tsaya watsa masa ruwan sanyi ba. Washegari ko komai lafiya a je a duba uwa a yi wa ɗa rigakafin farko.

Na ƙarshe ga hukuma. A watan Nuwamba 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar cewa za a riƙa yi wa mata marasa hali aikin ciro ɗa kyauta. To matan ƙauyukanmu yawanci basu ma ji ba, waɗanda suka ji kuma basu san wane asibiti zasu dosa ba. Muna roƙon ma'aikatar lafiya ta jihar Kebbi ta fitar da sunayen asibitocin da abin ya shafa da takardun da ake buƙata, a faɗa a rediyo da Hausa da C'lela yaren ƙasar Zuru, a aiko mana mu karanta a coci ranar Lahadi, limamai ma su karanta ranar Juma'a. Kuma ƙananan asibitocin ƙauye a sa musu ma'aikaciyar da zata kwana da wutar sola, don da yawa ƙarfe huɗu na yamma an sa kwaɗo.

Na gode Edita, Allah ya bar zumunci.

Wata uwa a zumuntar mata,
daga Zuru, jihar Kebbi