A ba cutar RSV fili a shafin lafiya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ɗana yana wata huɗu aka kwantar da shi a asibiti. Da mura abin ya fara, bayan kwana biyu sai numfashinsa ya yi sauri, ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa duk lokacin da ya ja iska, ya ƙi kama nono. Na yi ta roƙon likita ta ƙara masa allura mai ƙarfi. Ta zaunar da ni ta ce bairas ne mai suna RSV, maganin kashe bakteriya ba ya taɓa shi, iskar oksijin da ƙarin ruwa ne za su riƙe shi har jikinsa ya ci ƙarfin cutar. Wallahi ko sunan ban taɓa ji ba.

Ashe ba mu kaɗai ba ne. Binciken PERCH da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar da ciwon huhu mai tsanani ya kwantar a ƙasashe bakwai: Gambiya, Mali, Kenya, Zambiya, Afirka ta Kudu, Bangaladesh da Tailan. Kashi 61 cikin ɗari bairas ne ya jawo, kuma RSV shi kaɗai ya ɗauki kashi 31. Wani ƙiyasin na duniya ya nuna cewa a 2019 cutar RSV ta kwantar da yara miliyan 3.6, ta kashe kusan 100,000, kashi 97 cikin ɗari a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. Kusan rabin waɗanda suka rasu ba su cika wata shida ba. Wannan shi ya fi tsaya mini a rai, domin nawa ma a wannan tsakanin yake.

Rigakafi kuwa ya samu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa mai juna biyu allura daga mako na 28 don kariyar ta bi jini zuwa ga ɗan, ko kuma a yi wa jaririn allurar nirsevimab. Sai dai inda aka fi mutuwa, nan ne bai gama isa ba.

Don Allah ku gayyato likitan yara ya yi wa iyaye bayani. Ya koya musu ƙirga numfashi: jaririn da ke tsakanin wata biyu da shekara ɗaya, in ya kai 50 a minti, a garzaya da shi asibiti. Ku kuma tambayi hukumomin lafiya yaushe allurar za ta iso ɗakunan awon ciki.

Taku,
Wata uwa mai bibiyar jaridarku