Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Jihar Legas kan Cocin Holy Cross

Mai girma Gwamna Babajide Sanwo-Olu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ni Musulmi ne, ɗan kasuwa, mazaunin Obalende, kuma kusan kullum nakan wuce ta gaban babban cocin Katolika na Holy Cross da ke titin Catholic Mission. Saboda shi na rubuto.

Ranka ya daɗe, wannan coci ba Turawa kaɗai suka kafa shi ba. Kafin Fada Francesco Borghero ya iso Legas daga Wida, da ke Jamhuriyar Benin ta yau, a farkon shekarun 1860, akwai Aguda, 'yantattun bayin da suka komo daga Birazil, suna ibadarsu ba tare da limamin coci ba, wani dattijo Pa Antonio yana jagorantarsu. Ginin farko aka kammala shi a 1881, kuma magina Aguda irin su Lazaro Borges da Silva da Francisco Nobre suka ɗora shi. Wanda ke tsaye yau, a 1934 aka aza harsashinsa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, daga cikin wannan zuri'a ta magina João Baptista da Costa ya fito, wanda ya gina Masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894. Cikin jiragen da suka dawo da Aguda har da Musulmi, wasunsu Hausawa, musamman bayan boren da bayi Musulmi suka yi a Bahiya ta Birazil a 1835. Unguwa ɗaya suka zauna, coci nan, masallaci can. Yaranmu ba su san wannan ba, na makwabtanmu Kirista ma haka.

Tsorona kuwa yana da dalili. Gidan Ilojo Bar na dandalin Tinubu, wani tsohon ginin Aguda, yana cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956, amma a watan Satumba na 2016, ana jajibirin Babbar Sallah, aka wayi gari an rushe shi. Takarda ba ta hana katafila aiki ba.

Ina roƙonka a ayyana cocin da tsofaffin gidajen da suka rage a Popo Aguda, wato unguwar Aguda, wuraren da ba a taɓawa, a sa musu ido na gaske. A kafa alluna masu bayani da Yarbanci da Hausa da Turanci, a riƙa kai 'yan makaranta su ga cocin da masallacin a yini guda.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani ɗan kasuwa daga Obalende